Yadda Za Ka Cire Madigadin Motarka da Kanka Ba Tare da Ka Karya Komai Ba

Madigadi shi ne robar nan da ke rataye a bayan taya, mai tare laka da ruwa da tsakuwar da taya ke watsowa. Cire shi bai kai a tafi gareji ba. Mai mota zai iya yi da kansa a ƙofar gida, kuma idan kusoshin ba su yi tsatsa ba, kowace taya ba za ta ci maka fiye da minti goma zuwa sha biyar ba. Sai dai akwai abu guda da nake so ka riƙe tun kafin ka ɗauki sukundireba. A yawancin ƙananan motoci, kusoshin da ke riƙe da madigadi ba shi kaɗai suke riƙewa ba. Su ne kuma ke ɗaure gefen bamba, su ne ke ɗaure babbar baƙar robar da ta lulluɓe kwarmin taya daga ciki. Duk wanda ya kwance su ya watsa a ƙasa ya tafi, to ya saki waɗannan biyun bai sani ba. Kwana kaɗan zai fara jin wani abu yana kaɗawa idan ya hau babban titi, ko ya tarar taya ta goge robar ciki ta huda ta.

Dalilan cirewa sanannu ne. Mafi yawa madigadin ne ya tsage, kuma kusan kullum a wajen ja da baya abin ke faruwa: mota ta nufi bakin kwata ko dakali, robar ta maƙale tsakanin taya da siminti, taya ta taka ta ta fizge. Wani kuma ya sa taya da ta fi ta asali girma, ta fara gugar robar idan ya karya kwana. Wani zai kai mota fenti. Wani so yake kawai ya wanke lakar da ta daskare a baya. Ko wanne ne naka, hanyar ɗaya ce.

Ka fara da ido, ba da hannu ba

Ka wanke wurin tukuna. Kada ka tsallake wannan. Motar da ta yi damina a kan hanyar jar ƙasa, za ka tarar laka ta bushe ta rufe kan kusoshin har ba ka gane sukuru ne ko noti. Ka watsa ruwa sosai cikin kwarmin tayar, ka sa tsohon buroshi ka goge gefen madigadin, sannan ka ɗauki ƙusa siririya ko tsinken ƙarfe ka ƙwaƙule ƙasar da ta cika ramin kan kowane sukuru. Rabin sukurun da ke lalacewa a hannun mutane, ƙasar nan ce ta jawo, domin bakin sukundireba bai zauna daram ba aka fara murɗawa.

Idan wuri ya fito fes, ka durƙusa ka ƙirga abin da ke riƙe da robar. Yawanci za ka ga biyu ko uku a jere a gefen da ke fuskantar taya, sannan akwai ɗaya a ƙasa wanda ke kallon titi. Wannan na ƙasan shi ake mantawa. Mutum ya kwance na gefe, ya ga robar ta yi sako-sako, ya fizga, sai kunnen bamba ya biyo shi. Ka sa hannu ka shafa ƙarƙashin madigadin, ka haska fitilar waya. Ka ɗauki hoton wurin kafin ka taɓa komai, domin kusoshin ba lallai tsawonsu ya zama ɗaya ba, kuma dogon sukuru a ramin gajere yana iya huda abin da ke bayansa.

Kayan aiki

Ba su da yawa, amma sun danganta da irin motar. Motocin Japan, irin su Toyota da Honda da Nissan, sun fi amfani da sukuru mai kan gicciye da noti mai lamba 10. Kenan sukundireba sita, wato mai bakin gicciye, mai lamba 2 da sifana ko soket mai lamba 10 sun kusa gama maka aikin. Motocin Turai, musamman Volkswagen da Peugeot, sun fi son sukuru mai kan tauraro mai tsini shida, wanda ake kira Torx, kuma a wannan wurin T20 da T25 da T30 ne suka fi fitowa. A wasu motocin Amurka kuwa, kamar Ford, za ka haɗu da ƙananan notuna masu lamba 7 ko 8. Kada ka tura sita a cikin kan tauraro don ka ga ta ɗan kama. Za ta kama sau ɗaya, a murɗa ta biyu ta cinye kan.

Bayan waɗannan ka nemi sukundireba filat siririya, da filaya, da guntuwar sukundireba wadda ba ta wuce tsawon yatsa ba saboda tayoyin baya. Ka tanadi man feshin da ke sassauta tsatsa, irin WD-40, da tsumma, da ɗan kwano ko murfin gwangwani na zuba kusoshi. Idan da hali ka sayi sabbin kilif na roba, wato 'yan kusoshin roba da ake turawa cikin rami su riƙe, kamar guda goma kafin ka fara. Ba su da tsada a wurin masu sayar da kayan mota, kuma duk iya taka-tsantsan ɗinka, robar da ta sha rana shekara da shekaru wata sai ta karye. Ka cire guda ɗaya ka je da shi kasuwa a gwada maka, don faɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗa kuma mai tauri, ka ja birkin hannu. Mai otomatik ka sa ta a P, mai giyar hannu ka bar ta a giya ta ɗaya. Idan daga tafiya ka dawo, ka bari ta huce, saboda faifan birki da salansa suna riƙe zafi, kuma hannunka kusa da su zai yi aiki.

Na gaba

Na gaba su ne masu sauƙi, don sitiyari zai buɗe maka wuri. Ka tada mota, idan na hagu za ka cire ka karya sitiyari hagu har ƙarshe, sannan ka kashe. Bayan tayar zai shige ciki, kusoshin bakin kwarmin su fito fili. Idan akwai wani can ciki da tayar ta tare, sai ka juya sitiyarin ɗaya ɓangaren. Na dama kuma ka karya dama.

Ka fesa mai kaɗan a kan kowane sukuru da noti na ƙarfe, ka ba shi minti biyar zuwa goma ya ratsa. Ka kare faifan birki da tsumma ko kwali lokacin feshin. Mai a kan birki ba abin wasa ba ne.

Ka fara da na ƙasa, ka ƙare da na sama. Idan ka fara da na sama, robar za ta rinjayo ta rataya a kan na ƙasa ta matse shi, ya ƙi fita. Wajen kwancewa hagu ake murɗawa, saɓanin tafiyar hannun agogo. Ka danna sukundirebar da ƙarfi cikin sukurun fiye da ƙarfin da kake murɗawa da shi. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su murɗa da ƙarfi su danna kaɗan, sai bakin ya riƙa tsalle yana cin kan. Wannan ya fi faruwa a motocin Japan, saboda yankan gicciyen sukurunsu ya ɗan sha bamban da na sukundirebar da ta cika kasuwa, don haka ba ta zama cif. Dannawa sosai ce ke rufe wannan giɓin.

Kilif ɗin roba

A nan ake ɓarna, don haka zan ɗan tsaya.

Kilif ɗin da ya fi yawa yana da sassa biyu: uwar, wadda ke da ƙafafu a cikin rami, da wani ɗan tsinke a tsakiyarta. Idan an tura tsinken ciki, yana buɗe ƙafafun a bayan ramin su riƙe. Kamar laima ce da aka buɗe a cikin ɗaki mai ƙaramar ƙofa, ba za ta fito ba sai an rufe ta. Saboda haka duk ƙarfin da za ka sa kana jan uwar alhali tsinken yana ciki, ɓata ƙarfi ne, ƙarshenta ko kilif ya karye ko ramin bambar ya yage.

Ka duba kansa da kyau. Za ka ga ɗan zagaye a tsakiya, da wata 'yar tsaga a gefe ɗaya ko biyu. Ka tura bakin filat siririya a tsagar, ka ɗan murɗa ta kamar mai buɗe makulli, tsinken zai ɗago kamar rabin santimita. Ka kama shi da yatsa ko da filaya ka ƙara ɗagowa, amma ba sai ka zare shi gaba ɗaya ba. Yanzu ƙafafun sun tsuke. Ka tura filat ɗin ƙarƙashin uwar ka banƙaro, za ta fito salin-alin. Idan tsinken ya ƙi ɗagowa, ƙasa ce ta cika shi. Ka zuba ruwa ko ka fesa mai, ka ɗan ƙwanƙwasa kan da ƙotar sukundireba, ka sake gwadawa.

Akwai wani iri da ake tura tsinkensa ciki maimakon a jawo shi. Shi ba shi da tsaga a gefe, tsakiyarsa shafe take da uwar. Ka danna tsakiyar da bakin sita a hankali har ka ji ta yi ƙas ta nutse kaɗan, daga nan sai ka zaro duka. Kada ka danna da yawa, tsinken zai faɗa ciki ya ɓace. Akwai kuma mai kama da sukuru amma na roba ne. Shi ana murɗa shi ne ba tare da dannawa ba, domin idan ka danna zai yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ka sa farce ko bakin filat a ƙarƙashin kansa kana ɗagawa kana murɗawa.

Na ƙarshe shi ne mai gashi-gashi a jiki, wanda ba shi da tsinke ko kaɗan. Wannan banƙaro shi kawai ake yi. Ka sa filat biyu, ɗaya ta kowane gefe, ka ɗaga su tare. Sau da yawa ba ya sake moruwa, kada ka damu.

Duk inda za ka jingina ƙarfe da jikin mota, ka naɗe bakinsa da tsumma ko salatif. Ƙarzar da za ka yi wa fenti a bakin kwarmin taya, nan tsatsa za ta fara, don wuri ne da ba ya rabuwa da ruwa. Sannan in lokacin hunturu ne, kada ka yi aikin da sanyin safiya. Roba tana ƙara tauri a sanyi, ta yi saurin tsagewa. Ka bari rana ta ɗaga, ko ka zuba wa wurin ruwan ɗumi.

Idan ka tabbatar babu sauran abin da ke riƙe, ka kama madigadin da hannu biyu ka ja shi wajen taya, sannan ƙasa. Wasu suna da ɗan leɓe da ke maƙale a bakin ƙarfen, sai an ɗan karkata su. In ka ji ya ƙi, kada ka ƙara ƙarfi. Akwai abin da ka manta. Koma ka shafa.

Na baya

Tayar baya ba ta juyawa, tsakaninta da madigadi kuma wani lokaci bai wuce faɗin yatsu uku ko huɗu ba. A nan guntuwar sukundireba ke amfani, ko ƙaramin racet, wato sifanar da ke murɗawa ba sai an cire ta daga kan kusa ba, wanda ake sa wa bakin sukundireba. Idan sun shiga, shi ke nan, ka bi yadda ka yi a gaba. Idan sun kusa shiga amma da saura kaɗan, ka ɗan ɗaga motar da jak ba tare da tayar ta bar ƙasa ba. Jikin motar zai yi sama, tayar ta zauna a inda take, wuri ya ƙaru.

In hakan bai yi ba, sai a cire taya. Ka sa dutse ko katako ka tare tayar gaba ta ɗaya ɓangaren, gaba da baya. Ka sassauta notunan tayar rabin juyi tun tana ƙasa. A Corolla da Camry yawanci notunan masu lamba 21 ne, a Honda 19, a Golf 17. Ka kafa jak a inda kamfani ya tanada, wato a ƙarƙashin gefen motar kusa da taya, inda za ka ga an yi 'yar alama ko tsaga biyu a jikin ƙarfen. Ka ɗaga, ka ƙarasa kwance notunan, ka zare tayar.

Ina roƙonka, kada ka sa kanka ko kafaɗarka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don canjin taya na 'yan mintoci. Idan kana kokawa da noti mai tsatsa kana girgiza mota, yana iya zamewa. Ka sa matokarin ƙarfe idan kana da shi, ko katako mai kauri wanda ba shi da rami. Kada ka sa bulon siminti, yana farfashewa lokaci ɗaya ba tare da ya ba ka wata alama ba. Tayar da ka cire ma ka kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar, ko da wani abu ya faru ta tare. Kuma ka kori yara daga wurin.

Wajen mayar da taya, ka fara ɗaura notunan da hannu, ka sauke motar, sannan ka matse su tsallake-tsallake, ba a jere ba. Idan kana da sifana mai awon ƙarfin matsewa, wanda ake lissafawa da Nm, Corolla tana son 103 Nm, yawancin ƙananan Honda 108, Golf 120. In babu, ka matse da ƙarfin hannu sosai, amma ban da hawa kan sifana da ƙafa. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake gwada su.

Idan kusa ta ƙi fita

Motocin da ake shigowa da su na hannu ta tashar Legas ko ta Kwatano, da yawansu sun yi rayuwarsu ta farko a Kanada ko arewacin Amurka ko arewacin Turai, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Gishirin nan yana taruwa daidai a bayan taya, ya cinye ƙananan kusoshi. Mota tana iya yin kyau a sama, ka leƙa kwarmin taya ka ga sukuru ya zama dunƙulen tsatsa. Idan irin wannan ce motarka, ka sa a ranka aikin zai ɗauki lokaci. Sauri kan haifi nawa.

Ka goge tsatsar da buroshin ƙarfe, ka fesa mai, ka bar shi rabin awa, ko ma ya kwana. In babu man feshi, kananzir da aka gauraya da ɗan baƙin mai yana taimakawa. Abin da ba na so ka yi shi ne zuba man birki, duk da za ka ga wasu suna yi. Man birki yana cin fenti, kuma wurin nan kewaye yake da fenti. Haka nan ban da wuta. Ko'ina roba ce, ga wayar birkin ABS da tiyon man birki a cikin kwarmin, a baya kuma bututun da ke kai fetur tanki yana wucewa ta bayan robar ciki a ɓangaren da murfin tanki yake.

Bayan mai ya ratsa, ka kafa sukundireba a kan sukurun ka ɗan bubbuga bayanta da guduma sau uku ko huɗu. Girgizar tana fasa tsatsar da ta haɗe zaren. Sannan ka gwada matsewa kaɗan zuwa dama kafin ka juya hagu. Idan ya fara motsi kada ka yi ta murɗawa gaba ɗaya. Ka kwance kaɗan, ka mayar kaɗan, ka ƙara mai, haka har ya fito.

Idan kan ya riga ya cinye, akwai hanyoyi. Wanda bai lalace sosai ba, ka shimfiɗa guntun roba mai laushi, kamar yankin tsohon tif na keke, a kansa, ka danna sukundireba ta cikin robar. Wanda kansa ya fito waje, ka kama shi da filaya mai kulle ka juya. In ba ta kama ba, ka sa zarton ƙarfe ka yi wa kan tsaga guda, ka mai da shi na filat.

Wata matsalar daban ce: sukuru yana juyawa amma ba ya fitowa. Yawancin waɗannan kusoshi ba a cikin jikin mota suke ɗaure ba. Akwai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da aka maƙala a bakin ramin, ko wata 'yar roba mai kusurwa huɗu, a cikinsu sukurun ke shiga. Idan wannan ya karye ko zarensa ya lashe, sai ya riƙa juyawa tare da sukurun. Ka zura hannu ta baya ka riƙe shi da filaya, ko ka cusa filat ƙarƙashin kan sukurun kana banƙarowa kana murɗawa. In duk sun ƙi, kuma madigadin ya riga ya lalace, ka yanke robar kewaye da sukurun da wuƙa, ka cire ta, sannan ka fuskanci sukurun a fili.

Wasu madigadan, musamman waɗanda aka sa daga baya ko na motocin ɗaukar kaya, ribiti aka buga musu, wato kusar ƙarfe marar zare da ake matse ta ta zauna dindindin. Shi ba a kwance shi, huda shi ake yi. Ka sa injin huda da bakin milimita 4 ko 5 daidai tsakiyar kan, ka huda a hankali har kan ya rabu, ka tura sauran ciki da ƙusa. Da zarar kan ya fita ka tsaya, kada bakin ya zarce, don ba ka ganin abin da ke baya. A gaba, tankin ruwan wanke gilashi yakan zauna a bayan robar ciki a ɗaya daga cikin ɓangarorin. Idan ba ka da injin, wannan kaɗai ya isa ka kai wa mai gyaran jikin mota, aikin minti kaɗan ne a wurinsa. Ka dai gaya masa tun farko: "Maigida, ribitin kawai za a cire, kada a faɗaɗa ramin."

Akwai kuma waɗanda aka haɗa musu da gam mai fuska biyu a gefen da ya kwanta kan fenti. Ka bar motar a rana gam ɗin ya yi laushi, ka zura zare mai ƙarfi tsakanin robar da jikin motar, ka riƙa ja kamar mai zarto. Sauran gam ɗin ka murje da yatsa, ka goge da ɗan kananzir a tsumma, ka bi da ruwa da sabulu nan take. Ban da tina, ban da reza.

Bayan ya fita, aiki bai ƙare ba

Abin da za ka gani a bayan madigadi yakan ba da mamaki: dunƙulen laka mai danshi, ganyaye, yashi, wani lokaci cike da tafin hannu biyu. A tayoyin gaba, idan ka ɗan ja ƙasan robar ciki, za ka ga wani aljihu tsakanin ta da ƙarfen jikin mota, kusa da ƙasan ƙofa. Nan ne ruwan da ke gangarowa daga gilashin gaba ke bi ya fita, nan kuma datti ke taruwa ya toshe hanya. Lakar da ke kwana da danshi a jikin ƙarfe ita ce ke huda shi daga ciki, sai dai wata rana mai mota ya ga fenti ya kumburo. Tunda ka buɗe, ka kwashe ta duka, ka wanke, ka bari ya bushe sarai.

Ka duba fentin da madigadin ya rufe. Yashi yakan shiga tsakani ya goge shi. Inda ƙarfe ya fito ko tsatsa ta fara, ka kankare da samfefa, ka shafa fentin hana tsatsa, ka bari ya bushe. Ko ba ka da fenti a ranar, ka shafa giris a wurin kafin ka samu.

Yanzu ka ɗauko kwanon kusoshin ka buɗe hoton da ka ɗauka. Ko da ba za ka mayar da madigadi ba, kowane sukuru da kowane kilif da ya ratsa ta cikin robar ciki ko gefen bamba sai ya koma raminsa. Ka daidaita ramin robar da na jikin motar, ka ɗaura da hannu, ka matse daidai. Idan sukuru ya zauna, ka ƙara kaɗan ka tsaya, domin a cikin roba ko siririn ƙarfe yake, ƙarfi da yawa zai lashe shi. Ka lura da wani abu: tunda kaurin madigadin ya fita daga tsakani, wani sukurun zai yi tsawo, wani kilif ɗin zai yi sako-sako. Washa guda tana gyara wannan. Ramin da ya rage a jikin ƙarfe wanda ba ya riƙe komai, ka toshe shi da kilif ko ka mayar da sukurunsa da ɗan giris, kada ka bar wa ruwa ƙofa. Kusar da ta yi tsatsa kada ka mayar da ita, ka sayi sabuwa.

Ka kama gefen bambar da robar ciki ka girgiza. Kada wani ya motsa. Ka tada mota ka karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, wani ya tsaya a waje ya duba ko taya tana taɓa wani abu. Sannan ka ɗan zaga da gilashi a sauke kana saurare.

A bar ta haka, ko a mayar?

Wasu suna cirewa don kawai sun fi son ganin motar babu shi. Motarsu ce. Amma ra'ayina shi ne, wanda ke bin hanyar da ba kwalta, ko titin da aka zuba wa tsakuwa, bai kamata ya daɗe babu madigadi ba. Tayar gaba tana harba tsakuwa kai tsaye zuwa ƙasan ƙofofi, ta fiffige fenti. Ta baya kuma tana watsa wa na bayanka, kuma a titunanmu na bayanka sau da yawa mai babur ne ɗauke da fasinja, wanda ba shi da gilashin da zai kare masa fuska. Ga manyan motoci ma, a ƙasashe da dama doka ce ta wajabta shi saboda wannan dalilin. Idan taya ce ke gugarsa, sau da yawa yanke ɗan gefen da ke taɓawa da wuƙa mai kaifi ya isa, ba sai an raba motar da shi ba.

Idan sabo za ka sa, ka duba bayansa. Yawanci an rubuta LH a na hagu, RH a na dama, kuma na gaba da na baya ba sa musanya. Ka ɗora shi a wurin ka ga ramukan sun yi daidai kafin ka biya kuɗi, ko ka je da tsohon a gwada. Ka ɗaura dukkan kusoshin sako-sako tukuna, ka daidaita shi ya tsaya a miƙe, sannan ka matse daga sama zuwa ƙasa. Wanda zai yanka nasa daga roba mai kauri, kamar yadda masu a-kori-kura ke yi, ya ɗora tsohon a kai ya zana, ya huda ramukan a inda na asali suke. Kada ya yi masa tsawon da zai kusa taɓa ƙasa. Ya loda wa motar irin kayan da ta saba ɗauka, ya auna, ya bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakanin robar da titi, in ba haka ba ja da baya na farko a bakin dakali zai sake fizge ta.